Hukuncin da Malama Saude Ta Yanke Mini

Kun sha jin ana yabona a gabanku, a wajen suna da ɗaurin aure, wai ni ne mutumin da ya rufe masaukinsa a Nassarawa saboda tsoron Allah a zamanin da aka ƙaddamar da shari'a. Nakan sunkuyar da kai in yi shiru, ku kuma ku ɗauka kunya ce irin ta mutanen kirki. Kunya ce, amma ba irin wadda kuke zato ba. Yanzu da likita ya hana ni gishiri ya hana ni hawan bene, gara in rubuta muku yadda abin ya kasance da hannuna, kada ku gaji labarin da ba nawa ba.

Masaukin wani tsohon gidan Turawa ne da na karɓa haya a Nassarawa GRA, mai ɗakuna takwas, da falo ɗaya da muka mayar wajen cin abinci, da lambu babba a baya mai itatuwan mangwaro huɗu da doguwar katanga. Kafin nan malamin firamare ne ni, shekara shida ina koyarwa, albashi ya kasa riƙe gida na ajiye alli. A zamanin soja muna da lasisin sayar da giya, kuma ba zan ɓoye muku ba, giyar ce take riƙe da gidan, ba ɗakunan ba. Manyan ma'aikata da 'yan kwangila da baƙi daga kudu su ne masu zama bayan an tashi daga ofis. Ni ban taɓa kai ta bakina ba, kuma da wannan na yi shekaru ina lallashin zuciyata.

Farar hula suka karɓi mulki, ba a jima ba maganar shari'a ta cika gari. Ranar da aka ƙaddamar da ita ban taɓa ganin Kano ta cika haka ba, tun daga bakin titi mutum ba ya ganin ƙasa sai kawunan jama'a. Ni ma na je. Na yi kabbara tare da mutane har hawaye ya zubo mini, kuma ba na ƙarya ba ne. Da na dawo na sa aka sauke allon mashaya, na mayar wa masu kawo mana kaya katan-katan ɗinsu, na sa aka wanke falon da ruwan zafi. Wata uku na yi ina sana'a mai tsarki. A cikin wata ukun nan manyan da suke cika mana falo suka koma inda doka ba ta kai ba, ɗakuna suka zama fanko, na sallami ma'aikata biyu, mai gidan kuma ya fara aiko da yaronsa yana tuna mini ranar haya.

Akwai wani mai kawo mana kaya tun da, muna kiransa Dogo. Wata rana ya biyo ya same ni a zaune a falo ni kaɗai, fanka tana juyawa a kan tebura goma da babu kowa a kansu.

"Manaja, manya sun tafi, amma 'ya'yansu suna nan," in ji shi. "Su ba sa iya zuwa Sabon Gari a gan su. Kuma aljihunsu ya fi na iyayensu sauƙin buɗewa."

Na ce masa Allah ya kiyaye. Bayan kwana goma ni na aika a kira shi.

Yadda muka tsara abin shi ne, ba kwalbar giya ko ɗaya da za ta fito fili. Barasa mai ƙarfi muke tsiyayawa a kwalbar lemo, a cika da lemon, a mayar da murfi. Wanda ya ce a kawo masa lemo mai nauyi, mun san abin da yake nufi. Yaran suna zuwa ne bayan an tashi daga makaranta, a gida an san suna wajen darasin yamma. Wasu da motar gida, wasu a ƙafa ta ƙaramar ƙofar baya, rigar makaranta a cikin jaka ko a ƙarƙashin wata rigar. Kafin magariba sun watse, kowa da cingam a baki. Kukunmu, Malam Haruna mutumin Kazaure, ya ce zai dafa wa baƙi abinci har ranar da na kore shi, amma ba zai ɗauki tire zuwa lambun nan ba. Saboda haka ni da kaina nake kai musu, ni nake karɓar kuɗi, ni nake yi musu wasa ina kiransu manyan gobe.

Ban taɓa ganin kuɗi mai sauƙin zuwa irin wannan ba. Babba yana taya kaya, yana cin bashi, in ya bugu ya fasa kofi ya zagi ma'aikaci. Yaro ba ya tambayar farashi. Abin da ubansa yake saya a da, shi ninki uku yake biya, ya yi godiya, har ya roƙe ka kada ka faɗa wa kowa. Cikin 'yan watanni na biya hayar shekara biyu gaba ɗaya, na sayi fili na fara ɗora bene, na saya wa Ummanku mota, na biya wa Inna, mahaifiyata, kujerar Makka. Mutane suna cewa Allah ya buɗa wa Garba saboda ya bar haram. Ina jin su ina cewa amin.

Ummanku ce ta fara gani. Ta biyo wata rana da la'asar daga unguwa ta shigo masaukin ta kicin, ta hango lambun ta taga. Da muka koma gida ta ajiye mini abinci ta zauna nesa da ni.

"Malam, yaran can na lambu, lemo suke sha?"

Na ce lemo ne.

"Na ga ɗaya yana tafiya yana dafa bishiya. Wandon makaranta ne a jikinsa." Sannan ta ce, "Abba saura shekara biyu ya kai su."

Kai ne Abban, kana da shekara goma sha uku lokacin. Na daka mata tsawa na ce ta bar shiga abin da ba ta sani ba. Daga ranar ta daina hawa motar, ta ce ƙafarta tana ciwo in ta taka birki. Na san ƙarya take yi, ita ma ta san na sani.

Da zafi ya shigo, Dogo ya zo da wata shawara. Ya ce kaya na kwalba sun yi tsada saboda hanya ta yi wuya, amma akwai wanda ake dafawa a gida, ogogoro, a jarka, rabin kuɗi. In an haɗa da lemo ba mai bambancewa, balle yara. Na karɓi jarka ɗaya. A ranar Alhamis na fara zuba wa yara huɗu da suka zo murnar gama jarrabawar zango. A cikinsu akwai wani siriri mai yawan dariya da ba ya cika zuwa, Mukhtar, ɗan shekara goma sha biyar. Abokansa suka yi ta zuga shi, ya sha kwalba uku. Ni na kawo masa ta ukun.

Ranar Asabar na ji raɗe-raɗi a bakin wani yaro cewa ukun sun kwana suna amai, Mukhtar kuma yana asibiti, ya tashi da safe yana cewa ɗaki ya cika da hayaki, kafin azahar ya daina gani. Ina so ku karanta abin da na yi a hankali. Ban je asibiti ba. Na ɗauki jarkar na tura ta bayan buhunan shinkafa a sito, na koma sayen na kwalba, na ci gaba da kai tire lambu.

Mako biyu da 'yan kwanaki bayan haka, ranar Talata bayan la'asar, ina tsaye a lambu da tire a hannu, yara biyar suna zaune a ƙarƙashin mangwaro, sai maigadi ya shigo da sauri ya ce wata Hajiya tana sallama kuma ta ƙi tsayawa a falo. Kafin ya rufe baki ta shigo. Gajeruwar mace ce, ba ta kai kafaɗata ba, da hijabi ruwan toka har ƙasa da tabarau mai kauri. Hannunta na dama yana riƙe da gwiwar hannun Mukhtar, shi kuma yana jan ƙafa yana laluben ƙasa da takalmi. Daga baya na san sunanta Malama Saude, malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata, mijinta ma'aikacin safiyo ne ya rasu, Mukhtar ne kaɗai namiji a 'ya'yanta uku. Ku tuna wane zamani ne. Mace mai mutunci ba ta ko bi ta ƙofar masauki irin nawa, balle ta ratsa falo ta shigo lambu da rana tsaka.

Ta yi sallama cikakkiya kamar ta shigo gidan biki. Yaran suka zabura za su haura katanga.

"Ku zauna," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Nura, ina ganinka. Yaya Hajiyarka da ƙafa? Zauna."

Suka zauna kamar an danna su. Ta nemi kujera biyu, na kawo da kaina. Ta zaunar da ɗanta, ta zauna, ta ɗauki kwalba ɗaya daga tebur ta sansana ta ajiye.

"Kai ne Manaja?"

Na ce ni ne, Hajiya, sannu da zuwa.

Ta juya wajen yaron. "Wannan ce muryar?"

"Ita ce, Mama."

Na fara magana, ban san ma me nake cewa ba, wani abu ne game da yara da ba sa jin magana da yadda suke shigowa da abinsu daga waje. Ta bar ni har na gaji na tsaya da kaina.

"Likita ya ce guba ce a cikin abin da ya sha, ta ƙona jijiyar ido, ba za ta dawo ba," ta ce. "Yana son ganin ragowar. Ka je ka ɗauko."

Na tafi sito na ɗauko jarkar. Har yau in na tuna ina mamakin ƙafafuna, domin ba ta yi mini barazana da kowa ba, ba ɗan sanda a bayanta, ba ɗan'uwa namiji, ita kaɗai ce da makahon yaro. Ta tambayi sunan wanda ya kawo da inda yake ajiye kaya, na faɗa, ta rubuta a bayan wata takardar jarrabawa. Sannan ta ce duk abin da ya rage a gidan nan na kwalba a fito da shi. Ta sa yaran nan biyar suka yi ta ɗaukowa, ni kuma ina buɗewa ina tsiyayewa a kwata. Malam Haruna ya fito daga kicin ya tsaya yana kallo, yana ta salati a hankali. Wari ya cika lambun har ƙudaje suka taru. Mukhtar yana zaune bai motsa ba, fuskarsa tana fuskantar inda ƙarar kwalabe take.

Da aka gama ta sallami yaran, ta ce kowa ya faɗa wa uwarsa da bakinsa kafin Juma'a, domin ranar Juma'a za ta bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Kuma ta bi. Sai ta dube ni ta saman tabarau.

"An ce mini ka taɓa koyarwa."

Na ce shekara shida.

"To kana iya karatu. Ƙarfe nawa yaran nan suke zuwa maka?"

Na ce daga uku zuwa kusan magariba.

"Daga gobe, daga uku zuwa kusan magariba, kana gidana. Mukhtar yana da jarrabawar fita sakandare nan da shekara biyu, kuma zai rubuta ta. Kai za ka karanta masa littattafansa, shafi bayan shafi. Ban da Juma'a." Ta miƙe ta kama hannun ɗanta. "Kada ka ɗauka na yafe maka, Malam Garba. Ban yafe ba. Aiki na ba ka."

Washegari na je, amma ba da niyyar karatu ba. Na cika jaka da kuɗi, duk abin da na tanada don rufin bene, na yi tunanin in an kai yaron asibitin waje ko aƙalla an ɗauki malami na gaske, ni in samu in kuɓuta. Gidanta ƙaramin kwatas ne na gwamnati a gefen unguwar, da baranda da bishiyar lemun tsami. Na durƙusa na ajiye jakar a gabanta. Ta buɗe ta leƙa, ta rufe, ta tura mini ita da ƙafa.

"Wannan kuɗin daga jakata ya fito, da jakar uwar Nura, da na sauran. Kuɗin mota ne da kuɗin littafi da muka ba 'ya'yanmu. Ba za ka sayar mini da abina sau biyu ba. Fitar da shi ka dawo, littafin tarihi yana kan tebur."

Na kai jakar mota na dawo na ɗauki littafin.

Makonnin farko su ne mafi tsanani a rayuwata. Mukhtar yana kwance a doguwar kujera ya juya wa duniya baya. Ba ya amsa sallamata. Ina karantawa ban san ko yana ji ba, in na tsaya in sha ruwa sai ya ce, "Ci gaba," shi ke nan. Wata rana ya laluba ya sami kofi ya jefo inda muryata take, ya same ni a goshi. Ƙanwarsa ta fito da gudu, Malama ta leƙo daga ɗaki ta ga jini, ta miƙo mini auduga ta ce in ƙarasa babin. Na sha zama a mota a ƙofar gidan ina cewa yau ba zan shiga ba, me za ta iya yi mini. Ba ta taɓa aikowa a kira ni ba, ba ta taɓa cewa in ban zo ba za ta kai ni ƙara. Sai in tuna yadda yaron yake jan takalmi a ƙasan lambuna, in buɗe ƙofa in fita.

A cikin wata na biyu, muna tsakiyar wani babi, ya ce in dakata.

"Manaja, ranar nan, ka san shekaruna?"

Na ce na sani.

"Ka san abin da yake cikin jarkar?"

Na ce ban san guba ce ba, amma na san ban san abin da yake ciki ba, kuma na zuba.

"Me ya sa?"

Na nemi wata amsa da za ta fi wannan kyau ban samu ba. Na ce, "Rabin kuɗi ne."

Sai ya tashi zaune, karo na farko tun da na fara zuwa, ya ce in koma sakin layin da ya wuce, bai gane dalilin yaƙin ba.

Daga nan na fara ganin abin da ban taɓa gani ba a shekara shida na koyarwa. Yaron nan in ka karanta masa shafi sau biyu, bayan mako zai maido maka shi har da inda ka yi tuntuɓe a kalma. Na sayi rikoda ina ɗaukar muryata a kaset don ya saurara da safe. Lissafi kuwa uwarsa ce take yi masa da kanta. Takan manna zare a kan kwali da gam ta fitar da da'ira da kusurwa, ta kama yatsansa ta bi da shi, tana tambaya yana amsawa, ba sassauci, in ya yi kuskure ta ce sake. Ta nemo wani malami makaho da yake zuwa ranar Asabar yana koya masa rubutun da ake shafawa da yatsa. Duk wannan tana zuwa makarantarta da safe, tana dafa abinci, tana duba takardun ɗalibai ɗari da wani abu. Sau ɗaya tak na ga ta yi kuka. Na fito alwala ta bayan gida na same ta tsaye a jikin lemun tsamin nan ta toshe baki da hijabi don kada ya ji. Da ta gan ni ta share fuska ta ce buta tana can.

Masauki kuwa ya mutu da kansa, domin babu lambu babu abin da zai riƙe shi. Na mayar wa mai gida makullinsa. Na je wurin wani malami a cikin gari na faɗa masa komai, ya ce abin da na tara ta wannan hanya ba nawa ba ne, in fitar da shi kuma kada in sa ran lada. Na sayar da benen da bai kai rufi ba da motar Ummanku, na raba kuɗin inda ya nuna mini. Muka tashi daga gidan hayar da muke ciki muka koma ɗaki biyu a Gawuna, na cire ku daga makarantar kuɗi. Ke Hadiza kin yi mako guda ba kya cin abinci saboda ƙawayenki, na ce miki kasuwa ce ta faɗi. Na koma koyarwa da safe a wata ƙaramar makaranta. Ummanku ta ɗinka hula ta sayar da zoɓo, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, sai ma na ga ta fi sakin fuska a ɗaki biyun nan.

Wadda abin ya fi daka ita ce Inna. Na faɗa mata da bakina a ɗakinta, tana zaune a kan dardumar da ta sayo a Makka.

"Da kuɗin nan na tafi?"

Na ce da shi ne, Inna.

"Na tsaya a Arfa ina yi maka addu'a Allah ya ƙara buɗi." Ta dubi hannayenta. "Tashi ka ba ni wuri, Garba."

Wata biyar ba ta ci abincin gidana ba, daddawa take yi tana sayarwa tana ciyar da kanta, tsohuwa mai shekara saba'in. Malamai sun ce mata ba ta da laifi tunda ba ta sani ba, amma hankalinta bai kwanta ba. Ta sayar da gonar gadonta ta Gezawa, wadda da ku za ta bar wa, ta sake tafiya bayan shekara uku. Wannan ne dalilin da ya sa ba ku da gona.

Sai da na shekara ina zuwa sannan na iya tambayar Malama abin da yake cina. Mukhtar ya shiga salla, muna baranda, tana duba takardu. Na ce, Hajiya, me ya hana ki kai ni gaban alƙali, ga shi lokacin ana neman irina.

"Na so," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ni ma ina cikin masu murna da shari'a, har yanzu kuma ina ciki. Jarkar na ba likita, shi ya kai inda ya kamata, an kwashe kayan mutuminka ya gudu ya bar jihar. Amma sunanka in ya fito, zai jawo sunan yara fiye da goma, har da nawa. Kuma ka san yadda gari yake a lokacin, da kafin a kai ga alƙali an cinna wa gidan wuta da kukunka a ciki." Ta juya takarda. "Kwana tara na yi a asibiti ina tunanin abin da zan yi maka. In an yi maka bulala zan ji sanyi na yini ɗaya, bayanka ya warke cikin mako biyu, ka koma gida ka ce ka biya. Ni kuma in dawo in tarar da yaro a kwance da littattafai ba mai buɗe masa. Na fi so ka riƙa ganinsa kullum."

Na ce da ta ɗauki wani ya karanta masa, ai da ya fi samun natsuwa.

"Da ya fi," ta ce. "Amma da har ya mutu yana tsoron muryarka. Yanzu gyara maka karatu yake yi."

Mukhtar ya rubuta jarrabawarsa a shekarar da ta ce, ya ci, ya shiga jami'a ya karanta shari'a. Shekara biyu ta yanke mini, na yi bakwai, domin littattafan jami'a sun fi kauri kuma ba wanda ya ce in daina. Ban san ranar da ya bar kirana Manaja ya koma Malam Garba ba. Ban taɓa tambayarsa ko ya yafe mini ba, ita ma ban sake tambayarta ba, kuma ba su faɗa ba. Idanunsa ba su dawo ba. Bai taɓa ganin fuskar matarsa ba, bai ga ta 'ya'yansa uku ba, kuma babu adadin shafukan da zan karanta da zai canza wannan. In kun ji wani ya ce ai abin ya zama alheri tunda ga shi ya zama babban lauya, ku ce masa babanku bai yarda ba. Da idonsa ma da ya zama.

Malama Saude ta rasu da damina, bayan ta yi ritaya da 'yan shekaru. Na je jana'iza na tsaya can baya, domin gidan ya cika da dangi da manyan mutane da mazan tsofaffin ɗalibanta, ni kuwa ba kowa ba ne a wurin. Da aka sallace ta aka ɗauki makara, kawunnansa biyu suka matso za su kama hannunsa. Sai na ji ya ce, "Ina Malam Garba?" Aka yi ta waige-waige har wani ya nuna ni. Na ratsa mutane na je, ya laluba ya kama gwiwar hannuna, muka bi bayan makarar. Ƙasa ta jiƙe, ina faɗa masa inda ruwa ya kwanta da inda akwai tudu. A bakin kabari ya ce in kai hannunsa ga ƙasar, na kai, ya ɗiba ya zuba sau uku.

Muna fitowa wani dattijo daga dangin ubansa ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Mukhtar, wannan bawan Allah fa, daga wane ɓangaren yake? Ban gane shi ba."

Na ji yatsunsa sun ƙara matse hannuna. Duk abin da zai faɗa a kaina a wurin nan gaskiya ne, kuma da ya faɗi mafi muni ba ni da bakin musu.

"Shi ne yake yi mini karatu, Baffa," in ji shi. Sannan ya juyo wajena. "Mu je, Malam, akwai masu gaisuwa suna jira."